Darasin Garin Koko

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ga wani labari da malaminmu na kimiyya ya ba mu, wanda na ga ya kamata kowa ya ji.

Tsakanin 1987 da 1988, wani ɗan kasuwa ɗan Italiya ya kawo dubban gangunan dattin masana'antu mai guba, ya jibge su a Koko, cikin tsohuwar Jihar Bendel. Rana ta dake su har suka fara yoyo. To, wa ya tona asiri? Ɗalibai ne 'yan Nijeriya masu karatu a Italiya suka rubuto wa jaridun gida. Gwamnati ta janye jakadanta daga Rum, tilas aka mayar da gangunan. A 1988 ɗin aka yi dokar hana shigo da irin wannan datti, aka kafa hukumar kare muhalli ta FEPA, sannan NESREA ta ɗauki aikin a 2007.

Ni kaina, rafin unguwarmu ya yi baƙi ƙirin saboda wata masana'anta, kifaye suna mutuwa. Mun kai kuka wurin mai unguwa da hukuma a rubuce. Doka ba ta aiki sai an sami mai faɗa. Allah ya kiyaye mu.