Walda ba ta mayar da Hilux tirela

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin masu a-kori-kura daga Aboabo zuwa Asawase a Gana, kuma ta kai inda dole a tanka. Wai in ka kai Hilux ɗinka Suame Magazin, aka samo tsohon farantin kan tirela aka liƙa shi da walda a tsakiyar bodi, shi ke nan ka mallaki motar da za ta jawo tan 5 na masara daga Ejura. Hujjarsu ita ce hotunan Amurka da ke yawo a WhatsApp, inda a-kori-kura ke jan abu mai girman ɗaki. Hotunan gaskiya ne, sai dai waɗancan motoci irin su Ford F-350 ne, da aka ƙera shasinsu da birkinsu musamman don wannan aiki, wasunsu ma da tayoyi huɗu a baya.

Masu wannan ra'ayi ƙarfin inji kawai suke dubawa, alhali ja shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Tirelar da ke hawa kan faranti tana sauke kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinta a bayan motar da ke janta. Tirela mai tan 5 ke nan tana danna kimanin tan ɗaya a wuri guda, kuma tan ɗaya ɗin nan shi ne kusan duk abin da Hilux ke iya ɗauka, kafin a lissafa nauyin farantin kansa, da direba, da yaron mota. Ko a wajen ja, Hilux mafi ƙarfi na zamani kilo 3,500 kamfaninsa ya yarje masa, da sharaɗin tirelar tana da birkinta. Idan babu, kilo 750 ne iyaka. Za a ce ai sai a ƙara sifirin. Ƙarin sifirin yana hana bayan mota durƙushewa ne kawai, wato yana ɓoye alamar da ke gaya maka lodi ya wuce kima. Aksil ɗin nan dai shi ne, boris ɗinsa bai canza ba, tayoyin kuma suna nan da lambar nauyin da ke rubuce a gefensu.

Inda na fi so a saurara shi ne waldar. Faranti ba ya zama a kan bodi, domin ƙasan bodi falle ne na ƙarfe da aka yi don buhuna. Mazauninsa shasi ne, kuma da ƙusoshi ake ɗaure shi ta kan maƙalai masu kauri a gefen shasin, ƙusoshin da aka buga wa lamba 8.8 ko 10.9 a kansu, a ɗaure su da ma'aunin ɗauri. Na san amsar da ake bayarwa: Masta wane ya shekara talatin yana walda, aikinsa bai taɓa ɓallewa ba. Ba a raina hannun maƙeran Suame, su ne suka riƙe motocin Gana da na maƙwabta shekara da shekaru. Amma aibin ba a hannun mai waldar yake ba. Zafin wuta yana sauya ƙarfen shasi a gefen ɗinkin, shasi kuwa yana lanƙwasa yana miƙewa a kowane rami, sai tsaga ta fara a daidai wurin, siririya kamar gashi, a ƙarƙashin fenti da laka inda ba mai gani. Ƙusa in ta saki za ka ji ƙara, ka ga tsatsa tana zubowa a gefenta, ka ɗaure. Walda ba ta yi maka wannan gargaɗin. Kada a yi wa shasi walda, kada a huda leɓensa na sama ko na ƙasa, ko da mai garejin ya rantse maka. Masu mota ma suna da laifi a nan, domin su ne ke taya aikin ƙusoshi da kuɗin walda, sannan su tsaya a kan maƙeri suna cewa yau za su ɗauki lodi.

Wurin zaman farantin ma ba a zaɓarsa da ido. Tsakiyarsa ta daidaita da aksil na baya, ko ta ɗan wuce shi gaba kaɗan. In ya koma baya, gaban mota zai ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako. A mota mai ƙofa huɗu bodin gajere ne, don haka kusurwar tirela na iya dukan gidan direba a kwana. A bar tazarar kimanin santimita 15 tsakanin gefen bodi da ƙasan tirela.

Sai birki, wanda shi ne ke kashe mutane. Babbar tirela tana da birkin iska a kowace ƙafa, shi ya sa take tsayawa. Wanda ya taso daga Ejura ya iso gangaren Mampong da tan 5 marar birki a bayansa, birkin Hilux kaɗai ke riƙe da komai. Zai yi zafi, ya daina kamawa, tirelar ta turo bayan motar gefe.

Wanda lodinsa ya kai tan 5, ya ɗauki hayar Kia Rhino ko ya sayi motar da aka yi don haka. Wanda kuma tirelarsa ba ta wuce abin da littafin motarsa ya yarda ba, ya auna ta da lodinta a sikeli, ya sa mata birki da fitilu, ya kai haɗin hukumar lasisin motoci ta DVLA a duba kafin ya hau titi. Duk lokacin da ya haɗa, ya shafa giris, ya haska tocila ya ga muƙamuƙin farantin ya rufe a kan ƙusar tirelar, sannan ya kama birkin tirela ya ɗan ja gaba tun ƙafafunta na tsayuwa ba a naɗe su ba.