Darasi: Sa Sunan Wanda Ya Riƙe Maka Waya

Daga Unguwar Lalle har Isa, kowa ya san Narambaɗa. To, mutum nawa za su iya kawo sunan ɗan amshinsa ko da ɗaya? Haka abin yake a TikTok da YouTube: fuska ɗaya ake gani, alhali wani ya riƙe waya, wani ya tace bidiyon, wani ya rubuta barkwancin.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba marubuci 'yancin a ambaci sunansa a kan aikinsa. Don haka, 'yan uwa ɗalibai, ku rubuta sunan kowa da abin da ya yi a ƙasan bidiyo, ku kuma yanke rabon kuɗi tun kafin ɗauka. Ranar da mai tacewa zai nemi aiki, sunan nan ne shaidarsa.