Kwaɗo a Zuciyar Kwamfuta: Yadda Ake Haɗa Na'ura da Direbanta

Duk na'urar da aka jona wa kwamfuta, firinta ce ko filashi, tana bukatar tafinta tsakaninta da zuciyar manhaja, wato kanel. Wannan tafinta ƙaramar manhaja ce da ake kira direba. A tsarin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991, da zarar an soka na'ura sai kanel ya duba lambobin shaidarta, ya nemo direban da ya dace da ita, ya ɗaura su.

Matsalar ita ce kanel ba aiki ɗaya yake yi a lokaci guda ba. Ayyuka da yawa, waɗanda ake kira zaruruwa, suna gudana tare. A ɗauka zare na farko yana tsakiyar ɗaura filashi da direbansa, sai mai kwamfuta ya zare filashin. Nan take zare na biyu zai tashi ya share bayanan na'urar daga ƙwaƙwalwa, alhali na farko bai gama amfani da su ba. Wannan rige-rige kan daskarar da kwamfuta, ya lalata ajiyayyen aiki, ko ya buɗe wa ɓarayin bayanai ƙofa.

Maganin da masana suka samo shi ne kwaɗo. Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, ya yi bayanin tushen wannan dabara a 1965. Kowace na'ura tana da kwaɗonta. Zaren da ya riga kamawa shi kaɗai zai ɗaura ko ya kwance direba, sauran su jira sai ya saki.

Sai dai kwaɗon ma yana da haɗari. Idan zare ɗaya ya riƙe kwaɗon farko yana jiran na biyu, wani kuma ya riƙe na biyu yana jiran na farko, sai a yi cirko-cirko har abada. Don haka aka kafa doka: a riƙa kama kwaɗuna bisa jeri ɗaya. A na'urorin USB, ana kulle uwar na'ura kafin 'yarta.

A 1996 Linux ya dogara ne da babban kwaɗo guda ga kanel baki ɗaya, abin da ya kawo aminci amma ya jawo nawa. Sannu a hankali aka maye gurbinsa da ƙananan kwaɗuna, har aka cire shi a 2011.

Tambaya ga ɗalibai: wace illa za a samu idan zare ya kama kwaɗo, ya kasa sakinsa?