Kare Tsakar Gida daga Gubar Dalma

Dalma ba ta ruɓewa a cikin ƙasa. Inda ta zuba nan take zama sai an kwashe ta. Shi ya sa annobar da ta bayyana a 2010 a Dareta ta ƙaramar hukumar Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum ta yi muni, har yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan yankin. Duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje a lokacin suna ɗauke da dalma mai yawa, ƙurarsu kuwa ta mamaye ɗakuna da bakin rijiyoyi.

Gyaran da kamfanin TerraGraphics ya jagoranta a Dareta shi ne kankare saman ƙasa, a binne ta a rami nesa da gari, a shimfiɗa mai tsabta. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ba yara magani, amma yaron da ya koma wasa a gurɓataccen wuri, gubar dawo masa take. Ƙauyen Bagega kuwa sai a 2013 aka gyara shi, jinkirin da bai kamata ba.

Ƙasar da aka gyara tana iya sake gurɓata. Saboda haka kada a shigo da dutsen zinariya ko buhunsa cikin gida, turmin da ya daka shi kuma kada ya koma ga hatsi. A ware wurin niƙa a bayan gari, a jiƙa dutsen don ƙura ta kwanta. Mahaƙi ya yi wanka ya canza tufafi kafin ya ɗauki yaro.

Dagatai da masu unguwanni su sa ido. Yaron da ke amai da jijjiga a gaggauta kai shi asibiti a gwada jininsa.