Taswira Mai Hawa-Hawa: Yadda Ake Gano Ƙauyen da Aka Manta

A shekarar 1854 annobar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 600. A lokacin yawancin masana sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke yaɗa cutar. Wani likita mai suna John Snow bai yarda ba. Ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan suke ɗiban ruwa, ya kuma sa alama a taswirar unguwar a kan kowane gida da aka yi rashi. Sai ga alamomin sun taru sun kewaye famfo guda da ke titin Broad.

Abin da Snow ya yi shi ne ɗora bayani iri biyu, wato mace-mace da wurin ɗiban ruwa, a kan taswira ɗaya. A kan wannan dabara aka gina tsarin da ake kira GIS, wanda Roger Tomlinson ya jagoranci ƙirƙiro shi a Kanada a shekarun 1960 domin ƙididdige filayen ƙasar.

Mai karatu ya ƙaddara yana da takardu shara-shara guda uku. A ta farko an zana gidajen gari, a ta biyu rijiyoyi, a ta uku hanyoyi da ɗakunan shan magani. Idan ya ɗora su bisa juna ya ɗaga wa haske, nan take zai ga unguwar da ba ta da rijiya. Haka kwamfuta ke yi, sai dai ita tana iya ɗora hawa da yawa, ta auna nisa, ta kuma ƙirga. Kowane wuri tana gane shi da lambobi biyu. Alal misali Kano tana wajen digiri 12 arewa da digiri 8.5 gabas. Na'urar GPS da ke cikin wayar hannu ita ke samo waɗannan lambobi daga taurarin ɗan'adam, aƙalla guda huɗu.

Mu dawo gida. A shekarar 2012 an sami yara 122 da cutar shan inna ta kama a Nijeriya, fiye da rabin na duniya baki ɗaya. Masu ɗiga riga-kafi suna aiki ne da taswirar da aka zana da hannu, kuma sau da yawa rugage da ƙananan tungaye ba sa cikinta. A nan ya kamata ɗalibin ilmin halittu ya lura: ƙwayar cutar tana fita ta bayan gida, ta shiga bakin wani yaro ta ruwa ko abinci, kuma yawancin waɗanda ta shiga jikinsu ba sa nuna alama. Saboda haka ƙauye ɗaya da aka tsallake ya isa ya zama maɓoyarta. Sai aka koma ga hotunan tauraron ɗan'adam aka sake zana taswirar jihohin arewa, aka kuma ba ma'aikata wayoyin da ke nuna inda ƙafarsu ta taka da inda ba ta kai ba. An ga nau'in ƙwayar na asali karo na ƙarshe a Borno a 2016, aka kuma tabbatar da kawar da shi daga Afirka a watan Agusta na 2020. Ban ce taswira kaɗai ta yi wannan aiki ba, sarakuna da malamai da matan da suka shiga gidaje sun sha wahala ƙwarai.

Tauraro yana ganin rufin ɗaki, amma bai san sunan ƙauye ba, bai kuma san makiyaya sun tashi da kaka ba. Dole sai an zauna da mai unguwa da dagaci. Da an kammala, taswirar nan ita ce za ta nuna inda ya dace a haƙa rijiyar burtsatse ko a gina makaranta.

Malamai za su iya gwada wannan ba tare da kwamfuta ba. A raba aji gida uku: wasu su zana gidajen da ke kewaye da makaranta, wasu rijiyoyi, wasu masai da kududdufai. A ɗora takardun bisa juna, sannan a je a auna da taku nisan da ke tsakanin kowace rijiya da masan da ta fi kusa da ita.