Waƙar Ƙirga da Tambayoyin Yara a kan Kamun Kifi

Wata uwa ta rubuto daga Birnin Kebbi tana cewa ɗanta mai shekara 4 ya dawo daga makaranta da wata waƙar ƙirga ta Turawan Ingila, mai ba da labarin yaron da ya kama kifi ya sake shi don ya cije masa yatsa. Yana rera ta har goma ba gargada, amma in an zube masa dabino bakwai sai ya ce tara ne, ga shi kuma ya ishe ta da tambayoyi a kan kifi.

Malama, Allah ya raya mana shi, ki kwantar da hankalinki, domin haddace jerin lambobi daban, fahimtar adadi kuma daban, kuma bisa al'ada harshen yaro yakan riga hankalinsa isa. Waƙa ta yi aikinta tun da ta dasa masa tartibin lambobi; abin da ya rage, wanda ba waƙar da za ta yi masa, shi ne ya gane cewa kowace lamba abu guda take hawa, kuma lambar da ya tsaya a kanta ita ce jimillar duka. Saboda haka idan kin sayo busasshen kifi, ki jera masa biyar a faifai, ya riƙa taɓa kowanne da yatsa yana faɗin lambarsa yana ture shi gefe, sa'an nan ki tambaye shi nawa ne ke nan. Ku fara da Hausa, kada ku wuce biyar sai ta zauna, kuma kada a tsawata masa in ya kuskure, gama tsoro yakan rufe basira.

Amma tambayoyinsa, wajibi ne a amsa su da gaskiya gwargwadon hankalinsa. In ya ce shin kifi na cizo, ki ce masa tsage yana da haƙora masu kaifi, kurungu da tarwaɗa kuwa da ƙayarsu suke sukan hannun wanda bai iya riƙo ba, minjirya kuma takan girgiza mai taɓa ta da irin lantarkin da Allah ya halitta a jikinta. In ya ce ina kifi ke zuwa idan tafki ya ƙafe, ki ba shi labarin gaiwa, wadda ke binne kanta cikin laka ta yi rani tana shaƙar iska, har damina ta dawo.

Mafi muhimmanci ita ce tambayar dalilin sakin kifi bayan an kama shi. Masunci na ƙwarai yakan mai da ƙanana ruwa domin su girma su yi ƙwai, alhali wanda ya ja gidan sauro a kogi, ko ya zuba magimfa ko wata guba, ya kwashe uwa da 'ya'ya a rana guda, ya kuma aikata almubazzarancin da shari'a ta hana. Hujja tana kusa da ke, a Argungu, inda tun 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta ƙarfafa zumunci tsakanin Sakkwato da Kabi, ake bikin kamun kifi a kogin Matan Fada. Ba don ana hana kamun kifi a wurin sai ranar biki ba, da dubban masu homa da gora ba su riƙa fitowa da giwan ruwa irin wadda sai an taru a ɗauka ba.

Daga ƙarshe, in sha'awa ta kai shi bakin ruwa, kada ya je sai da babba, kada a ba shi fatsa mai ƙugiya a wannan shekaru, kuma a hana shi wanka a kududdufi, domin a nan ake ɗaukar tsargiya. Da zarar kin ga jini a fitsarinsa, ki kai shi asibiti, maganin tsargiya yana nan kuma yana aiki. Allah ya yi masa albarka, ya ba shi ilimi mai amfani.