Na'urar da ke ƙirga ƙwayoyin jini ɗaya bayan ɗaya: yadda ɗalibi zai gane ta

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a fannin gwaje-gwajen asibiti. Gidanmu a Nima yake, da yamma kuma ina taya kawuna zama a shagonsa na kayan gyaran mota a Abossey Okai. An koya mana fulo saitometiri, na haddace sunaye da shekaru, amma da zarar an nuna mini takardar sakamako mai ɗige-ɗige sai kaina ya kulle. Ga jarrabawa ta matso. Ina mafita?

Amsa: Ɗana, haddar ce ta sa ka a wannan hali. Dubi kawunka: in aka miƙo masa ƙarfe, kafin mai saye ya rufe baki ya faɗi motar da aka ciro shi daga cikinta da aikin da yake yi, domin ya san injin tun daga tushe. Haka za ka yi wa wannan na'ura. Sassa uku gare ta: ruwa, haske da lantarki.

Fara da ruwa. Ana tsinka jinin, a tura shi cikin siririn bututu, ruwan gishiri mai gudu ya kewaye shi ya matse shi, har ƙwayoyin su jeru a sahu guda. Ka tuna fasinjoji a tashar Kaneshie: ƙofar mota ɗaya ce, dole su shiga ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa yaron mota ke iya ƙirga su.

Sai haske. Kowace ƙwaya tana gittawa ta gaban hasken leza, galibi shuɗi mai lamba 488. Hasken da ya watsu gaba yana nuna kimanin girmanta, wanda ya watsu gefe kuma yana nuna yawan tsaki-tsakin da ke cikinta. Da wannan kaɗai za ka raba limfosait, ƙarama mai sumul, da nutrofil mai cike da tsaki. In ana son ƙarin bayani, sai a zuba antibodi mai ɗauke da rini, ya manne wa irin ƙwayar da ake nema. Rinin FITC yana ƙyalli kore, na PE kuma ruwan lemo.

Lantarki ne na ƙarshe. Shi ke mayar da ƙyallin zuwa lamba, dubban ƙwayoyi a daƙiƙa ɗaya. Kowane ɗigo a takardar da ke rikita ka ƙwaya ɗaya ce da ta wuce gaban haske.

Tarihin kuwa, ka karanta shi a matsayin jerin matsaloli da maganinsu. A 1934 Andrew Moldavan ya kawo shawarar ƙirga ƙwayoyi da haske cikin siririn bututu, amma bututun kan toshe. A 1953 Crosland-Taylor na Ingila ya kawo dabarar ruwan da ke kewaye samfur. A shekarar ne kuma Wallace Coulter na Amurka ya sami haƙƙin mallakar hanyar ƙirga da lantarki, wadda har yau injinan ƙirgar jini ke amfani da ita. Daga ƙirga aka koma neman tsincewa: a 1965 Mack Fulwyler ya ari fasahar fesa tawada, ya yanka ruwan ɗigo-ɗigo, ya sa wa ɗigon da ake so caji don ya karkata gefe. A 1968 Wolfgang Göhde na Jamus ya ƙera na'ura mai auna ƙyallin rini. Leonard Herzenberg na Jami'ar Stanford ya haɗa ƙyalli da tsincewa, kamfanin Becton Dickinson ya fito da na'urarsa kasuwa a 1974. Shekara ɗaya bayan haka Köhler da Milstein suka gano hanyar samar da antibodi iri guda tak, wanda ya ba na'urar ido mai kaifi.

Amfaninta a asibiti a bayyane yake. Da ita ake ƙirga ƙwayoyin CD4 ga mai ɗauke da cutar ƙanjamau: lafiyayyen baligi yana da kimanin 500 zuwa 1,500 a kowace maikurolita, ƙasa da 200 kuma alama ce garkuwar jiki ta yi rauni sosai. Da ita kuma ake tantance nau'in sankarar jini kafin likita ya zaɓi magani.

Ga abin da za ka yi kafin jarrabawa. Na ɗaya, rufe littafi ka zana na'urar da hannunka, daga kwalbar samfur zuwa kwamfuta, kana faɗin aikin kowane sashe da Hausa. Inda harshenka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba. Na biyu, gefen kowace shekara rubuta matsalar da aka warware a cikinta. Na uku, in an ba ka takardar sakamako, karanta rubutun gefe da na ƙasa tukuna, sannan ka nemi shingen da aka zana don ware rukunin da ake nazari. Kullum ka nemi samfurin da ba a rina ba, domin da shi ake gane ƙyallin gaskiya. Ka kuma lura matattun ƙwayoyi kan sha rini barkatai, koren FITC kuma kan malala cikin ma'aunin PE sai an daidaita.

Na huɗu, gani ya kori ji. Asibitin koyarwa na Korle Bu ba shi da nisa da shagon kawunka, kuma a Legon akwai Cibiyar Noguchi da aka kafa a 1979, inda ake amfani da irin wannan na'ura wajen binciken garkuwar jiki. Roƙi malaminka takardar gabatarwa, ka je ka tsaya kusa da mai aiki da ita ko da yini ɗaya ne, da littafin rubutu a hannunka.

Ka fara da zanen nan yau da dare, ɗana. Allah ya ba da sa'a.